Falo ɗaya, aiki biyu: yadda na raba wurin zama da wurin cin abinci ba tare da bango ba

Teburin cin abincin da na fara saya bai yi wata biyu a gidana ba. Tsawonsa mita biyu, faɗinsa mita ɗaya, da kujeru takwas masu dogon baya. A wurin masu sayarwa, inda rufi yake can sama ga fili har ya yi yawa, na gan shi madaidaici. Da aka shigo da shi falona sai ya zama giwa a akurki. Wanda zai zauna ta gefen bango sai ya tsuke ciki kafin ya shiga, in ya zo tashi kuma bayan kujera ya daki fenti. Har yau sawun yana nan a jikin bangon. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar kayan ɗaki ban yarda da wannan magana ba, domin idona ne ya jawo mini asara.

Saboda haka kafin ku sayi ko da matashin kujera ɗaya, ku nemi tef ɗin awo da takarda da fensir. Ku auna tsawon ɗakin da faɗinsa, ku zana shi a takarda, ku nuna inda kowace ƙofa take da gefen da take buɗewa, da tagogi, da soket, da inda wayar fitila ta fito a silin. Nawa falon mita 6.5 ne da mita 3.5. Ƙofar shigowa tana kusa da ƙarshe ɗaya, ƙofar kicin tana kusa da ɗaya ƙarshen, dukansu a jikin dogon bango ɗaya, tagogi biyu kuma suna bangon da ke fuskantarsu. Da na yi wannan zane tun farko da na ga abin da ya faru da ni tun yana kan takarda. Teburin cin abinci yana buƙatar santimita 90 daga bakinsa zuwa bango ko wani kaya, ta kowane gefe da za a zauna, don a iya jan kujera a zauna a tashi. Ke nan tebur mai mita biyu da mita ɗaya yana cin fili santimita 380 da 280. A ɗaki mai tsawon 650, abin da ya rage wa kujerun zama da talabijin 270 ne kawai, kuma ba ya isa.

Abu na farko da ake shatawa a irin wannan ɗaki hanya ce. Ku tsaya a ƙofar shigowa ku tambayi kanku: mai ɗauke da faranti mai zafi daga kicin, ta ina zai bi? Yaron da ya shigo da gudu zai wuce ɗakin kwana, ta ina zai bi? Baƙon da ya shigo fa? Wannan layi da ƙafafu za su riƙa bi kullum, ku ja shi a takarda, ku ba shi faɗin santimita 90, kada ku ɗora komai a kansa. Idan hanyar ta ratsa ta bayan masu cin abinci, ku ƙara ta kai 120, don mai wucewa ya wuce ba sai na zaune ya matsa ba. A nawa ɗakin na yi sa'a hanyar a miƙe take, daga ƙofa zuwa ƙofa a jikin bango ɗaya. Idan taku ta ratsa ɗakin a karkace, to ita ce ta riga ta raba muku shi gida biyu, ku bi yadda ta raba. Abin da kawai ba na so shi ne hanya ta bi tsakanin kujera da talabijin, don duk wanda ya gifta sai ya tare wa masu kallo.

Wurin cin abinci ya kasance kusa da ƙofar kicin. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, duk wadda ta taɓa zagaye kujerun falo da kwanon miya a hannu ta san dalili.

Bayan takarda, sai ƙasa. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini amfani, kuma ba ta cin komai. Ku sami tsofaffin jaridu ko kwalaye, ku yanka su daidai girman kayan da kuke son saya, ku shimfiɗa a ƙasa ku liƙe da salatef. Ku bar su kwana biyu ko uku kuna zirga-zirgarku kamar kullum. Duk inda kuka ga kuna taka jarida ba da niyya ba, to da kujera ce a nan da ƙaurinku ya gaya muku. Ni na ƙara da jawo kujerar roba ɗaya na ajiye a bakin jaridar da ke matsayin tebur, na zauna, na tashi, na sa yarona ya wuce ta bayana riƙe da tire. A nan na gane cewa tebur mai santimita 140 da 80 shi ne daidai da mu.

Lissafin tebur mai sauƙi ne. Kowane mai ci yana buƙatar faɗin santimita 60 don kada gwiwar hannunsa ta riƙa zungurar na kusa da shi. Tebur mai 120 da 75 yana ɗaukar mutum huɗu, mai 180 da 90 yana ɗaukar shida cikin walwala. Idan wurin murabba'i ne ko ƙunci ya yi yawa, zagayayyen tebur mai faɗin kamar santimita 100 zuwa 110 yana ɗaukar huɗu, ba shi da kusurwar da za ta buge ƙugun mai wucewa ko goshin yaro, in kuma mai ƙafa ɗaya ne a tsakiya ana iya cusa kujera ta biyar. Tsayin tebur yawanci santimita 75 ne, mazaunin kujera 45, wato tazarar kusan 30 tsakaninsu don cinya ta shiga. Idan daban-daban za ku sayi tebur da kujeru, ku auna wannan tazara, in kujerun masu hannu ne kuma ku tabbata hannun zai shige ƙarƙashin teburin. Shawarata ita ce ku sayi teburin mutanen da ke ci a gidan kullum. Mu biyar ne. Na sayi na takwas don baƙin da suke zuwa jefi-jefi, na takura mana kowace rana saboda su. Ga masu yawan baƙi akwai tebur mai fiffike da ake buɗewa a naɗe, ko kujeru biyu masu ninkewa a ajiye a bayan ƙofa.

Abin da ya ceci wurin cin abincina shi ne benci. Na kira kafinta na nuna masa bangon ƙarshe na ce ina son kujeru biyu a nan. Ya auna, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, kujera sai an ja ta baya, benci kuwa ba ya motsi. Bari in yi miki benci a manne da bango, in yi masa murfi ki riƙa zuba kaya a ciki." Haka aka yi. Zurfinsa santimita 40, tsayinsa 45, an ɗora masa katifa siririya mai rigar da ake cirewa a wanke. Maimakon santimita 90 da kujeru za su ci a wannan gefe, 40 kawai ya ci. Daga bango zuwa bayan kujerun ɗaya gefen, duka wurin cin abincin bai wuce santimita 210 ba. Yara uku suna zama a kai, a cikinsa kuma akwai ledar tebur da manyan tire da ba a amfani da su kullum. Aibinsa ɗaya: wanda ke tsakiya ba ya fita sai na gefe ya tashi, don haka ba na zaunar da tsofaffi a kai.

Yanzu ga wurin da yawancinmu muke kuskure, kuma ni ma na yi. Da na kawar da babban teburin, sai na jera kujerun kushin duka a jikin bango, kowace ta jingina, tsakiya fayau. A ganina ɗaki ya yi fili. Yayata ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa wurin kallo ta ce, "Ke, wannan falo ne ko wurin jiran likita?" Na ce, "Yaya, to ina zan kai su?" Ba ta ce komai ba, ta ajiye jakarta, ta kama hannu ɗaya na doguwar kujerar ta ce in kama ɗayan. Muka juyo da ita muka gindaya ta a faɗin ɗakin, bayanta yana kallon teburin cin abinci, gabanta yana kallon talabijin. Nan take ɗaki ɗaya ya koma biyu. Bayan kujerar ya zama katangar da ba ta tare haske ba, ba ta tare iska ba, kuma ina zaune a tebur ina ganin abin da yara ke yi a falo.

Kujerar mita biyu ce. Na matsa da ita wajen bangon tagogi, na sa ƙaramin tebur mai faɗin santimita 40 tsakaninta da bangon, sai ya rage 110 a ɗaya gefen, wanda shi ne hanyar nan da na shata tun farko. A bayanta na sa gajeren kabad mai zurfin santimita 35, wanda tsayinsa bai wuce bayan kujerar ba. Ta gefen tebur yake buɗewa, a ciki ake ajiye faranti da kofuna da cokula. Ku lura da ƙofofinsa: masu zamewa gefe suka dace, don masu buɗewa waje za su riƙa karo da kujerun cin abinci. Kabad ɗin ya kuma rufe bayan kujerar, wanda a gaskiya ba shi da kyan gani, dama masu yin kujeru da yawa ba sa ɓata lokaci a kan baya tunda sun ɗauka bango zai ɓoye shi. In za ku sayi sabuwa don ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ku zagaya ku duba bayan.

Wannan tunani na raba ɗaki da abu maimakon bango ya daɗe. Frank Lloyd Wright, mai zanen gine-gine ɗan Amurka, ya tsara wani gida a Shikago da ake kira gidan Robie, aka kammala shi a 1910. Falo da wurin cin abinci a dogon ɗaki ɗaya suke, murhun ɗumama ɗaki ne ya tsaya a tsakiya, ana wucewa ta gefensa. Mu da ba mu da murhu a tsakiyar falo, kujera ko kantar jera kaya tana yin wannan aiki. Idan kanta za ku sa, ku zaɓi marar baya wadda haske ke ratsawa, kada ku cika ta taf. Doguwa kuwa lallai a ɗaure ta da ƙusa a jikin bango ko ƙasa, domin yaro yana ganin kanta tsani yake gani, kuma tana iya rikitowa a kansa.

Ba kowane ɗaki ne dogo irin nawa ba. Mai siffar kwana, wanda yake da lungu, ya riga ya raba kansa: tebur a lungu, kujeru a babban gefe. Murabba'i ya fi wuya. A nan a ba tebur kusurwa ɗaya da benci mai kwana, a ba kujeru kusurwar da ke fuskantarta, a bar hanya ta bi tsakani.

A cikin wurin zaman kansa, tazarar da ke tsakanin kujera da teburin tsakiya ta kasance santimita 40 zuwa 45, yadda hannu zai kai kofi kuma ƙafa za ta miƙe. Tsawon teburin ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsawon kujerar, tsayinsa ya yi daidai da mazauninta ko ya ɗan gaza. Talabijin kuma a daina kai shi kusa da silin. Tsakiyar allonsa ya zo daidai idon wanda ke zaune, wato kamar mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa, in ba haka ba wuya ne zai biya. Kada ya fuskanci taga kai tsaye, hasken zai riƙa faɗowa a kan allon. Wani abu da sai ku yanke wa kanku: daga tebur za a riƙa hango talabijin ko a'a? A gidana masu zama a benci suna hango shi, shi ya sa ake kashe shi lokacin cin abinci, in ba haka ba cokali ya tsaya a hanya.

Kafet shi ne abu na biyu da ke shata iyaka. Na wurin zama ya zama babba yadda aƙalla ƙafafun gaba na kowace kujera za su hau kansa. Ƙaramin kafet da ke yawo a tsakiya shi kaɗai yana sa ɗaki ya ƙara ƙanƙancewa a ido. A ƙarƙashin teburin cin abinci kuwa ra'ayina ya bambanta da na masu hotunan ƙawa. Ƙa'idarsu ita ce kafet ya zarce bakin tebur da santimita 60 ta kowane gefe, don ƙafar kujera kada ta sarƙe a bakinsa idan an ja ta. Ƙa'idar daidai ce. Amma ni mai yara uku na gwada, cikin mako ɗaya ya sha maiƙo da ruwa da abin da ban ma gane ba. Na naɗe shi na bar tayil, na manna wa ƙafafun kujeru ɗan ƙyalle mai kauri don su daina ƙara da ƙarzar ƙasa. Sai ga shi bambancin da ke tsakanin gefe mai kafet da gefe marar kafet shi kansa ya zama iyaka.

Fitila ce ta fi ba ni mamaki. Da ƙwai ɗaya ne fari fat a tsakiyar silin, yana haska ko'ina daidai wa daida kamar ofis. Na kira mai gyaran wuta ya ja waya zuwa saman teburin, muka rataya fitila mai murfi, ƙasanta yana santimita 80 daga fuskar tebur. Tsakanin 75 da 90 ake so: ƙasa da haka tana tare fuskar wanda ke gabanka, sama da haka tana kashe ido. Da dare in aka kunna ita kaɗai, teburin yakan zama kamar wani ɗaki daban. A wurin zama na sa fitila mai tsayawa a kusurwa da wata ƙarama a kan teburin gefe. Kowane gefe da makunninsa, wannan shi ne sirrin. Wajen sayen ƙwai ku duba lambar da ke jikin kwalinsa. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi, ruwan zuma-zuma, 6500K kuma fari ne mai sanyi. Ku zaɓi iri ɗaya ga ɗakin duka, don in gefe ɗaya ya yi fari ɗaya ya yi ja-ja, fentin bango ma sai ya koma kamar kala biyu. Ƙarfin haske da lumen ake auna shi, ƙwan LED mai lumen 800 yana daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Idan akwai fanka a silin, kada a sa ƙwai a saman fikafikanta, haske zai riƙa walƙiya har kai ya yi ciwo. Kada kuma fitilar ratayawa ta yi kusa da ita, iska za ta riƙa kaɗa ta.

Duk wannan rabawa ce. Amma gefe biyun ido ɗaya ke kallonsu a lokaci ɗaya, don haka sai sun yi kama da 'yan gida ɗaya. Kala ce ke yin wannan aiki. Masu ƙawata ɗaki suna da wani ma'auni: kashi 60 cikin 100 kala ɗaya mai sanyi, kashi 30 ta biyu, kashi 10 mai ɗaukar ido. Ba sai an bi shi da ma'aunin gwal ba. Nawa bangon duka ruwan madara ne, kujerun kushin da kafet ruwan toka, sai kore mai duhu da ya fito a matasan kujera, ya sake fitowa a katifar benci, ya kuma fito a ganyen shukar da ke kan kabad. Ido yana tsalle daga kore zuwa kore, sai ya ɗauki ɗakin a matsayin abu ɗaya. Katako ma haka: teburin cin abinci da teburin tsakiya da kabad su yi kusa a launi. Ba na son sayen komai saiti ɗaya, ɗaki yakan yi kama da shagon kayan ɗaki, amma katako kala huɗu a ɗaki ɗaya hayaniya ce. Kafin ku yi fenti ku shafa ɗan wuri ku dube shi da safe da rana da dare, don kalar da ke jikin gwangwani ba ita ke fitowa a bango ba.

Labule kuwa iri ɗaya a tagogin duka, ko da ɗaya tana gefen tebur ɗaya tana gefen kujeru. A kafa sandarsa santimita 10 zuwa 15 sama da taga, ta zarce ta gefe da gefe, yadin ya kai ninki biyu na faɗin tagar, ya sauko har kusa da ƙasa. Yana sa ɗaki ya yi tsayi, yana kuma shanye amsa-kuwwa. Babban ɗaki mai tayil da gilashi yana da ƙara, cokali ya faɗi a tebur sai mai kallon labarai ya ji kamar a kunnensa. Labule mai kauri da kafet da kujerun yadi su ke rage wannan. Sai dai yadi yana riƙe ƙamshin girki da ƙaurinsa, shi ya sa nake rufe ƙofar kicin in ana suya, in buɗe tagogi bayan an ci, kuma duk rigar matashi da na saya mai zif ce.

A bango kada a yi yawa. Hoto ko zane, tsakiyarsa ya kasance kamar santimita 145 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. Na rataya madubi mai faɗi a bangon da ke fuskantar taga, hasken rana yana dawowa cikin ɗakin har gefen tebur ya daina duhu da yamma. Ku duba abin da madubin zai nuna kafin ku buga ƙusa. Da farko a wani bangon na rataya nawa, ƙofar kicin yake nunawa da tarin kwanukan wanke-wanke, sai da na sauya masa wuri.

Matsalar da ban gama maganinta ba ita ce fuskar teburin. Tebur a falo yana jan kaya kamar maganaɗisu: makulli, cajar waya, jakar makaranta, takardun da ba a san na wane ne ba. Na kafa ƙugiyoyi huɗu a bayan ƙofar shigowa, na ajiye ɗan kwando a kan kabad don ƙananan tarkace, na kuma ware durowa ɗaya ta littattafan aikin gida tunda a teburin yara ke yi. Ya ragu sosai. Jiya da dare dai, da na zo shimfiɗa ledar tebur, sai da na kwashe takalmin ƙwallo ƙafa ɗaya da rimot ɗin da muka kwana biyu muna nema.